Cinikin Biri A Sama: Abin Da Ya Sami Waɗanda Suka Shiga Ƙungiyar Iluminati

 

A wannan mako za mu juya ga wata magana wadda ta cika rumfunan kasuwa da ofisoshi, watau maganar ƙungiyar asirin nan da ake kira Iluminati. Da yawa daga cikinmu sun taɓa cin karo da saƙo a wayar hannu ana gayyatarsu su shiga wannan ƙungiya, wai za su sami dukiya da ɗaukaka cikin ɗan lokaci kaɗan, muddin sun fara aika kuɗin rajista. Ga kuma waɗansu da suka haƙiƙance cewa ƙungiyar ce ke juya duniya daga bayan labule, har ta kai duk attajirin da kasuwa ta yi wa kyau, ko ma'aikacin da aka yi wa ƙarin girma, sai a fara raɗe-raɗin cewa ai ya shiga. Da mai kwaɗayin shiga da mai jin tsoro, abu guda ne ya haɗa su, shi ne rashin sanin tarihin abin da suke magana a kai. Alhali kuwa tarihin nan a rubuce yake, gama gwamnatin da ta rushe ƙungiyar ta kama takardunta, ta buga su kowa ya karanta tun cikin shekarar 1787. Saboda haka bari mu bi sawun wanda ya shiga ƙungiyar a zamaninta, mu ga abin da ya bayar da abin da ya samu.

An kafa ƙungiyar ran 1 ga watan Mayu, 1776, a garin Ingolstadt na ƙasar Bavariya, wadda a yau jiha ce a kudancin Jamus. Wanda ya kafa ta, Adam Weishaupt, shaihun malami ne mai koyar da dokokin coci a jami'ar garin, yana da shekara 28 da haihuwa, kuma da mutum biyar kacal aka fara, har da shi kansa. Wannan lokaci shi ne Turawa ke kira Zamanin Wayewar Kai, lokacin da masanansu suka tashi haiƙan suna cewa a ɗora kowane al'amari a kan ma'aunin hankali, a rage ikon limaman coci da na sarakuna a kan tunanin jama'a. Bavariya kuwa ƙasa ce ta 'yan Katolika wadda hukuma ke tace littattafai da tsanani, jami'ar Ingolstadt kuma ta daɗe a hannun limaman ɗariƙar Jesuit. Su ne suka koyar da Weishaupt yana yaro, ya tashi yana ƙin su ƙwarai, ko da yake Paparoma ya rushe ɗariƙar tasu a 1773. Burin da ya bayyana shi ne ya tarbiyyantar da samari masu basira a ɓoye, a ba su littattafan da aka hana, sa'an nan a cusa su sannu a hankali cikin ma'aikatun gwamnati da makarantu da kotuna, har mulki ya koma hannun waɗanda ya kira masu haske. Ma'anar kalmar Iluminati ke nan, watau waɗanda aka haskaka.

Ya kamata mu yi masa adalci, domin addininmu ya umurce mu da adalci ko ga wanda muka saɓa da shi. Yawancin waɗanda suka amsa kiransa mutane ne masu son ilmi, waɗanda zalunci da camfe-camfen zamaninsu suka dama. Aibin yana ga hanyar da aka bi da su, ga kuma yadda hanyar take.

Mutum ba ya neman shiga da kansa. Wani ɗan ƙungiya ne zai sa masa ido, ya yi nazarin halinsa da dukiyarsa da abokansa, ya rubuta wa na sama rahoto a kansa tun shi bai san ana yi ba. An fi son samari 'yan shekara 18 zuwa 30, masu abin hannu, masu saurin karɓar umurni. A farkon al'amari ba a karɓar mata, ko sufayen coci, ko Yahudawa, wannan kuwa abin lura ne ga masu cewa Yahudawa ne suka kafa ta. In mutum ya amince, sai ya yi alkawarin kame bakinsa da yin biyayya ga shugabanni, alhali bai san ko su wane ne ba, domin sabon shiga bai san kowa ba sai wanda ya jawo shi. Daga nan sai a raɗa masa sabon suna daga cikin sunayen mutanen Girka da Rum na dā. Weishaupt ya kira kansa Spartacus, babban almajirinsa Zwack aka kira shi Cato. Garuruwa ma an sake musu suna, birnin Munik ya zama Atina, ana kuma rubuta kwanan wata da lissafin tsohuwar kalandar Farisa don kada bare ya gane. Tambarin matakin da suke kira Minerval mujiya ce, wadda mutanen Girka suka ɗauka alamar hikima.

Abin da ya fi nauyi a kan ɗan ƙungiya shi ne rahoto. Tun da fari zai rubuta tarihin rayuwarsa, da danginsa, da masoyansa da maƙiyansa, da inda rauninsa yake. Bayan haka kowane wata zai miƙa takarda a rufe, wadda a ciki yake bayyana abin da ya karanta da abin da ya lura da shi ga mutanen da yake hulɗa da su, har da shugaban da ke kansa. Shi yana rahoton waɗansu, waɗansu suna rahotonsa. Weishaupt ya tsara wannan ne bisa abin da ya ɗauka shi ne asirin ƙarfin ɗariƙar Jesuit wadda yake ƙi. Watau mutumin da ya ce zai 'yantar da hankulan jama'a daga limaman coci, shi ne ya wajabta wa mabiyansa su riƙa tona masa cikinsu wata-wata.

To, me za a ba mutum ladan wannan duka? An yi masa alkawari iri biyu. Na farko, in ya yi haƙuri ya hau matakai ɗaya bayan ɗaya, za a buɗe masa wani babban ilmi wanda aka ce ƙungiyar ta gada tun zamani mai nisa. Na biyu, 'yan'uwansa na ƙungiya za su tallafa masa wajen samun aiki da ƙarin girma.

Game da alkawari na farko, ga abin da ya faru. A cikin 1780 wani ɗan sarauta mai kaifin basira, Adolph Knigge, ya shiga ƙungiyar, aka raɗa masa suna Philo. Ya yi ta jawo mutane ɗaruruwa, galibinsu daga majalisun Firimeson. Da waɗanda ya jawo suka matsa masa lamba suna tambayar abin da ke sama, sai shi ma ya matsa wa Weishaupt ya nuna masa manyan matakai. A farkon 1781 Weishaupt ya rasa mafita, ya fito fili ya gaya masa cewa manyan matakan nan ba a riga an rubuta su ba, babu kuma waɗansu tsofaffin shugabanni na ɓoye, shi ne farkon abin, shi ne ƙarshensa. Maimakon Knigge ya fallasa wannan, sai ya karɓi aikin zama ya ƙago matakan da hannunsa. Ku dubi wannan al'amari, jama'a. Shekara kusan biyar samari suna biyayya, suna ba da kuɗi, suna rubuta sirrin zukatansu, suna jiran kayan da ba a ko saƙa ba. Ɗan kasuwa ya san sunan wannan irin ciniki tun kafin a gaya masa: cinikin biri a sama.

Alkawari na biyu shi ne wanda ya ɗan tabbata, shi ne kuma ya jawo halaka. Zuwa 1784 ƙungiyar ta bazu cikin ƙasashen Jamus da Ostiriya, ƙiyasi mafi yawa da masu tarihi suka yi na adadin membobinta bai wuce mutum 2,000 zuwa 2,500 ba. A cikinsu akwai sarakuna irin su Ernst na Biyu mai mulkin Gotha da Karl August mai mulkin Weimar, akwai shahararren marubucin nan Goethe wanda ya shiga a 1783, amma ƙashin bayanta ma'aikatan gwamnati ne da alƙalai da malaman makaranta da hafsoshin soja. A Munik mutane suka fara lura cewa waɗansu ma'aikata suna jan junansu zuwa manyan kujeru, aka fara ƙorafin cewa ɗan ƙungiya ba ya faɗuwa a shari'a in alƙalin nasu ne. Ko ƙorafin duka gaskiya ne ko an yi ƙari a ciki, amincewar jama'a ga ofis da kotu ta riga ta raunana.

A ciki kuma wuta na ci. Waɗansu membobi, cikinsu har da wani Joseph Utzschneider, suka fita a 1783, daga baya suka ba da shaida ga hukuma. Knigge da Weishaupt suka ɓata ƙwarai, Knigge yana zargin maigidan nasa da mulkin kama-karya, ya fita a 1784. A watan Yuni na wannan shekara mai mulkin Bavariya, Karl Theodor, ya hana duk wata ƙungiya da ba ta da izinin hukuma. A watan Maris na 1785 ya sake ba da doka ya ambaci Iluminati da Firimeson da sunansu. Aka sallami Weishaupt daga jami'a, ya tsere daga ƙasar. A watan Oktoba na 1786 aka binciki gidan Zwack a garin Landshut, aka kwashe wasiƙu da jerin sunaye, a shekara mai zuwa gwamnati ta buga su a littafi. A watan Agusta na 1787 kuma aka sa hukuncin kisa a kan duk wanda aka kama yana jawo mutane cikin ƙungiyar.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafin riba da hasara. Takardun da membobi suka rubuta bisa amana cewa ba mai gani sai shugaba, su ne suka zama shaida a kansu, har da al'amuran cikin gida na Weishaupt kansa waɗanda ba ma son maimaita su a wannan fili. A Bavariya aka kori ma'aikata da malamai da hafsoshi daga aiki, aka kori ɗalibai daga jami'a, waɗansu suka bar ƙasar haihuwarsu. Sarakunan da suka shiga kuwa babu abin da ya taɓa su, haka ma Goethe. Weishaupt ya sami mafaka a Gotha ƙarƙashin Sarki Ernst, ya zauna can ana ba shi abin masarufi har ya mutu a 1830. Ƙananan da aka yi wa alkawarin tsani su ne tsanin ya karye da su. Wani abin mamaki kuma, wani saurayin ma'aikaci mai suna Montgelas, wanda shigarsa ƙungiyar ta sa ya bar aikin gwamnatin Bavariya, ya komo a 1799 ya zama babban wazirin ƙasar, gwamnatin da yake ja kuwa ta sake jaddada hana ƙungiyoyin asiri. Wanda ya san cikin ɗaki, shi ya san inda yake yoyo.

Ƙungiyar da ta yi kamar shekara goma tana aiki, yaya aka yi sunanta ya kai mu yau? Dalili shi ne juyin mulkin Faransa na 1789, wanda ya girgiza sarakunan Turai da limamansu, suka shiga neman wanda za su ɗora wa laifi. A 1797 wani limamin Faransa mai gudun hijira a Ingila, Augustin Barruel, da wani shaihun malami na jami'ar Edinburgh, John Robison, kowannensu ya wallafa littafi yana cewa Iluminati ba ta mutu ba, ita ce ta ƙulla juyin. A 1798 wani mai wa'azi a Amurka, Jedidiah Morse, ya ɗauki maganar ya hau mumbari da ita. Tun daga nan kowane zamani yake yi wa tatsuniyar sabuwar riga, alhali masu binciken tarihi ba su sami wata shaida ba cewa ƙungiyar ta rayu bayan ƙarshen wancan ƙarni. Idon nan da ke bisa dala a takardar kuɗin Amurka, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ɓangare ne na hatimin ƙasar da aka amince da shi a 1782, an ɗora shi a kan takardar dala ɗaya a 1935, shekarar 1776 da ke rubuce a gindinsa kuwa shekarar shelar 'yancin Amurka ce. Saboda haka duk wanda ya aiko maka saƙo yau da sunan Iluminati yana neman kuɗin rajista, ɗan damfara ne ya ari sunan matacce.

Kada a haɗa wannan da ƙungiyar Firimeson, wadda Larabawa ke kira Masuniyya. Ita ta girmi Iluminati, an kafa babbar majalisarta a Landan a 1717, tana nan kuma har yau. Weishaupt ya shiga cikinta a 1777, daga baya ƙungiyarsa ta riƙa farautar mutane daga majalisunta. A kanta ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1978 ta yanke cewa shigarta ba ta dace da Musulunci ba. A Nijeriya kuma tsarin mulki na 1999, a sashe na 38, ya bayyana cewa 'yancin addini da na tunani bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba, ya kuma hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takarar shugaban ƙasa, ko gwamna, ko ɗan majalisa.

Mai tambaya zai iya cewa, shin riƙe sirri laifi ne? Ko kaɗan. Ɗan kasuwa yana ɓoye inda yake saro kayansa, ma'aikaci yana tsare takardun ofis, mata da miji suna da sirrinsu, Musulmin farko ma sun taru a ɓoye a gidan Arƙamu a Makka sa'ad da aka tsananta musu. Amma wanda ya shiga gidan Arƙamu ya san abin da ake kiransa gare shi tun daga bakin ƙofa, ya san Shugaban da yake bi da sunansa da nasabarsa, abin da ake karantawa a ciki kuma shi ne aka fito da shi bainar jama'a daga baya ba tare da an sauya kome ba. Alƙur'ani mai girma ya yi bayanin ganawar asiri a Suratul Mujadala da Suratun Nisa'i, ya bambanta wadda ake yi don alheri da sulhu da wadda ake yi don saɓo da ƙetare iyaka. Ma'aunin ke nan, da shi kuma za mu auna abin da ɗan Iluminati ya sa hannu a kai.

Ya yi rantsuwar biyayya kafin ya san abin da za a umurce shi. Malamanmu na fiƙihu sun hana cinikin garari, watau sayar da abin da ba a san haƙiƙarsa ba, kamar kifi a cikin ruwa ko tsuntsu a sararin sama. In shari'a ta hana mutum ya ba da kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, ina ga ya ba da wuyansa da lamirinsa? Sananne ne kuma a addininmu cewa biyayya ga mahaluƙi tana ƙarewa a inda saɓon Mahalicci ya fara, wanda kuwa ya rantse zai bi umurni ko mene ne, ya kwance wannan iyaka da hannunsa.

Ya kuma ɗauki amana biyu masu karo da juna. Wannan ya shafi ma'aikacin gwamnati fiye da kowa. Ranar da aka ɗauke ka aiki ka karɓi amanar jama'a duka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. In kana da wata rantsuwa ta ɓoye cewa za ka fifita ɗan'uwanka na ƙungiya, to ranar da takardarsa da ta wani talaka suka haɗu a kan teburinka dole ka ci amanar ɗaya daga cikinsu. Wannan ciwo bai tsaya ga ƙungiyoyi masu suna da tambari ba. Duk wata ƙulla-ƙulla da ake yi a ofis ko a kasuwa, ta cewa namu sai namu wajen kwangila da ƙarin girma, jininsu ɗaya da abin da ya faru a Munik, ko da babu mujiya a bango.

Daɗin daɗawa, ya mai da kansa ɗan leƙen asirin abokansa da danginsa, abin da Suratul Hujurati ta hana a fili. Mun kuwa ga inda takardun nan suka ƙare.

Wannan sura ɗin dai ita ce ta umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta kuma gargaɗe mu game da yawan zato. Saboda haka nasiharmu ta ƙarshe tana ga masu jefa wa mutane wannan suna. Wanda ya ce maƙwabcinsa ɗan Iluminati ne don kawai Allah ya buɗa masa, ya tuhumce shi da abu mai girma ba tare da shaida ba, ya jingina shi ga ƙungiyar da ta rushe shekaru fiye da 200 da suka wuce, ya kuma manta cewa arziki da ɗaukaka a hannun Allah suke. Irin wannan magana tana kashe zuciyar samari, ta sa su ɗauka cewa ba a cin gaba da gumi da gaskiya sai da wata ƙofar baya, daga nan kuwa ɗan damfara ya sami kasuwa. Iyaye su zauna da 'ya'yansu, musamman masu shirin tafiya manyan makarantu, su gaya musu cewa duk wanda ya ce ka rantse tukuna sa'an nan ka ji, a bar shi da kayansa.

Allah Ya tsare mana imaninmu da amanarmu, Ya wadata mu da halal, Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau.